Sunan Mai Faifai

Shekara ashirin da biyu randar Yakaka tana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, a bakin burtalin da ya ratsa ƙauyen Ɗorawa Uku ya miƙe zuwa Ɗanbatta, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa tambayar wanda ya sha ruwan sunansa ba. Ba mantuwa ba ce, ƙa'ida ce. Marigayi mijinta Umara, wanda ya girka randar tun farko, shi ya kafa ta: mai ƙishirwa ba a tsare shi da tambaya. Ya ɗau moɗa ya sha, ya yi hamdala, ya kama gabansa. In ka fara "daga ina?" da "ɗan gidan wa?", to so kake a san da kai, ladan kuwa ya tsiyaye tun ruwan bai sauka cikin mutum ba. Da Umara ya rasu, Yakaka ta gaji randar da ƙa'idar gaba ɗaya.

Da can, ranar Lahadi da kasuwar Ɗanbatta ke ci, sau uku take cika randar nan kafin azahar. Masu jakuna, masu korar awaki, mata da ƙoren nono a ka, kowa sai ya ratso. To, da aka shimfiɗa kwalta ta bayan gari, sai ƙafa ta ɗauke ɗif. Yanzu kowa a kan babur yake, fuu, sai ka ce ana bin sa da sanda. In ƙishirwa ta kama shi ya ciji ledar ruwa ya tsotse ya yar a gonar mutane, akuya ta haɗiya ta kumbura. Wai ci gaba ke nan. Burtali ya koma na shanu da ƙadangaru.

Duk da haka kullum da sassafe sai Yakaka ta juye ruwan jiya a gindin bishiya, ta ɗauraye randar, ta cika ta da sabo. Surukarta Sakinatu, matar ɗanta Faruk, ta taɓa kasa haƙuri ta ce, "Inna, don Allah wa kike cika wa? Ga bayanki yana ciwo."

"Ina da mai sha," in ji Yakaka. "Ke dai ji da tukunyarki."

Gaskiya ta faɗa, tana da shi, guda ɗaya tak. Wani tsoho ne dogo siriri, mai keke tsohon yayi wanda ƙararsa ke riga shi isowa. Duk Lahadi da hantsi sai ya ɓullo daga arewa, faya-fayai a ɗaure a bayan keken. Ya jingine, ya yi sallama, ya tsuguna ya shanye moɗa biyu cur.

"Baiwar Allah, Allah ya ba da lada."

"Amin, Bawan Allah. A sauka lafiya."

Iyakarta ke nan, shekara wajen tara. Sau ɗaya hirar ta wuce haka, lokacin da murfin katakon randar ya tsage. Lahadin da ta zagayo sai ya zaro wani faifai mai faɗi, ja da kore, ya kifa a bakin randar, ya zauna ɗas. Yakaka ta fara godiya, ya katse ta. "Ba komai, ɗaya ne daga cikin kaya. Mai ɗakina ke saƙa su." Abin da ta sani game da shi ke nan a duniya: yana da keke, yana da mata, matar tana saƙa.

Lahadin da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin nan da tun hantsi kaji ke buɗe baki. Maza duk suna gona, ana shara ana baza taki. Yakaka na zaune a ƙofar zaure tana ɓarar gyaɗar iri, sai ta hango shi, amma ba a kan keken ba, turo shi yake yi. Ya jingine, ya yi sallama da wata murya can ƙasa. Ya ɗebi ruwa, ya sha rabin moɗa, ya riƙe sauran yana kallo. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna ya jingina da darbejiya.

"Baiwar Allah, yau sai na roƙi inuwarki kaɗan."

"Haba, inuwa ai ta Allah ce. Bari in dama maka fura, rana ce ta buge ka."

Ta shiga ciki. Ba ta daɗe ba, wallahi ba ta daɗe ba, iyakar ta murza fura ta zuba nono. Da ta fito ta same shi yadda ta bar shi, sai dai hular ta zame gefe, moɗar kuma ta kife a kan cinyarsa, ruwan ya jiƙa rigar.

"Bawan Allah," ta ce. Shiru. "Bawan Allah!"

Ta ajiye ƙwaryar. Ta buɗe baki za ta kira shi da abin da zai fi jin sa, irin kiran da uwa ke yi wa ɗa, sai ta ga ba ta da shi. Nan ta durƙusa tana salati har Sakinatu ta ji ta fito.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Mai unguwa ya zo, ya aika wa dagaci, jami'ai biyu suka zo daga ƙaramar hukuma suka duba suka rubuta. Aka laluba aljihunsa: carbi, asuwaki, ɓarin goro, da 'yan canji a ƙulle. Ba waya, ba kati, ba ko 'yar takarda. Aka yi ta leƙa fuskarsa, kowa ya ce ya san shi da gani, mai faifan nan ne, amma suna ko gari, oho. Samari suka ɗauki hotonsa suka watsa a waya. Hoton ya yi yawo har ƙasashen da marigayin bai taɓa jin sunansu ba, ana ta rubuta "Allah ya jiƙansa", ba wanda ya ce nawa ne.

Gawa ba ta jira, balle a bazara. Da aka zo maganar likkafani, Yakaka ta shiga ɗaki ta buɗe akwatinta ta ɗauko wanda ta tanadar wa kanta shekara shida da suka wuce. Faruk ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya rufe. Aka yi wa baƙon wanka a zaurensu, aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar gari. Wani ya tambayi liman da wane suna za a yi masa addu'a, liman ya ce, "Allah ya san bawansa." Keken da faya-fayan aka ajiye su gidan mai unguwa, aka ba da cigiya a rediyo sau biyu.

A wajen mutanen Ɗorawa Uku magana ta ƙare, kuma ba wanda zai ce ba su kyauta ba. Amma Yakaka abinci ya daina wuce mata. Ba gawar ke damun ta ba, ta ga gawa ta gaji. Mai saƙar ce. Akwai wata mace a wani gari tana zaune tana kasa kunne ta ji ƙarar keke.

Yakaka ta san irin wannan zama, don a cikinsa ta girma. Mahaifinta Babarbare ne, falken kanwa, wanda ya baro Barno ya zauna a ƙasar Kano. Tana shekara bakwai ya yi tafiya wajen Nguru, har yau bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyarta ta shekara goma sha ɗaya ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Da safe ta sa kwalli, ko yau zai shigo. Da yamma ta goge, ko ya riga ya mutu kwalliya ta haramta gare ta ba ta sani ba. Dangi suka yi juyin duniya ta je gaban alƙali a warware mata auren, ta ce in ta je ta kashe shi da bakinta. A haka ta mutu, tana tambayar duk baƙon da ya shigo gari ko daga gabas yake.

Lahadin farko Yakaka ta wuni a ƙofar zaure, ko wani zai biyo burtali yana cigiya. Ba wanda ya biyo, ko moɗar ba a taɓa ba. Ta je wajen liman ta tambaye shi, takaba daga yaushe ake ƙirga ta, daga ranar rasuwa ko daga ranar da labari ya iso? Ya ce daga ranar rasuwa. Sai ta ci gaba da ƙirga kwanakin a ranta, a madadin matar da ba ta sani ba.

Ranar Asabar ta biyu ta ce wa Faruk, "Gobe za ka kai ni kasuwa."

"Inna, mun yi iya namu. Mun wanke shi, mun sallace shi, mun yi cigiya. In da mai nemansa da ya zo."

"Mai nemansa tana ɗaki, ba ta san inda za ta dosa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kai ba za ka gane ba. In ba ka kai ni, ƙafata ba ta karye ba."

Ya san halinta. Da safe ya fito da babur. Ita kuma ta ɗauke faifan nan daga bakin randa, ta kife tsohon kwano a madadinsa, ta cusa shi cikin mayafi.

A layin masu tabarmi da faya-fayai ta fara da wani mai rumfa babba. Ya juya faifan sau ɗaya ya miƙo mata. "Hajiya, faifai ai faifai ne. Irinsa ɗari ke shigowa nan duk mako." Ta karɓe abinta. Namiji da tuwo a gabansa ma bai san hannun wanda ya tuƙa ba, balle saƙa. Ta gangara wajen matan da ke shimfiɗa kayansu a ƙasa. Ta farko ta ce kamar na wajen Bagwai, ta biyu ta ce a'a, can ba sa sa kore haka. Suka hau gardama har suka manta da ita. Ƙarshe wata ta ce, "Kai wa Mairo. In Mairo ba ta gane ba, aljani ne ya saƙa."

Mairo dillaliya ce, tsohuwa mai kaurin murya, shekararta talatin tana sayen faya-fayai a hannun masu kawowa daga ƙauyuka. Ba ta ko kalli adon ba. Ta kifa faifan, ta ɗora yatsa a cibiyarsa, ta bi zagayen a hankali.

"Kin ga? Duk faifai dama yake zagayawa. Wannan hagu ya yi. Saƙar bahaguwa ce." Ta duba yadda aka rufe bakin, ta jinjina kai. "Bahaguwa ɗaya na sani mai hannu haka, Hussaina ta Marken Tudu, matar Ɗan'auta. Ina kika samo shi? Mutumin nan mako biyu ke nan ana nemansa."

Yakaka ta nemi wuri ta zauna a kan tarin tabarmi. Ta ba ta labari. Mairo ta yi salati ta tafa hannu.

"Ɗorawa Uku? Me ya kai shi Ɗorawa Uku? Ai ba hanyarsa ba ce! Daga Marken Tudu kwalta ce ɗoɗar har nan. Mutanen garinsu sun bi titin nan taku-taku, sun leƙa asibiti, sun je tasha, har birni sun shiga. Ku kuma can wata ƙaramar hukumar ce daban, wa zai yi tunanin can?" Ta zaro waya daga lalitarta. "Bari in kira wani ɗan garin ya gaya musu."

Yakaka ta dafe hannunta. "A'a, 'yar'uwa. Irin wannan ba a aika shi ta iska. A ƙofata ya cika, ni zan kai." Har ta miƙe ta juyo. "Ɗan'auta kika ce? Wannan ai laƙabi ne. Mutum da furfurarsa. Sunansa na yanka fa?"

"Wallahi ban sani ba. Tun da na san shi haka ake kiran sa."

Rana ta take lokacin da suka isa Marken Tudu. Aka nuna musu gidan, can ƙarshen gari, dangar kara da ɗakuna biyu da rumbu ɗaya. Yakaka ta ce wa Faruk ya zauna a inuwar waje, kuma ko wa ya tambaye shi kada ya ce uffan sai ta fito.

Ta yi sallama ta shiga. A tsakar gida wata 'yar ƙaramar tsohuwa na zaune a kan tabarma, ga kaba a kwano an jiƙa ta har ruwan ya ƙafe ba a taɓa ba. Da jin sallama ta zabura, idonta ya wuce Yakaka ya tafi ƙofa, sannan ya dawo. Akwai kwalli a idon, sabo, na safiyar nan. Yakaka ta gani, ta tuna da mahaifiyarta.

Hussaina ba ta tambaye ta ko wace ce ba. Ta gyara mata tabarma, ta shiga ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta miƙa da hannun dama tana tallafe da hagun. Yakaka ta sha, don ba a ƙin ruwa. Suka gaisa, ya zafi, ya gida, ya ƙarfin jiki. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran wurin ɓuya, sai ta zaro faifan ta ajiye a tsakaninsu.

Hussaina ta daɗe tana kallon sa. "Wannan na randa ne," ta ce. "Ke ce mai randa."

"Kin san ni?"

"Yo ba ni na saƙa miki ba? Ya dawo ya ce murfinki ya tsage. Ya auna bakin randar da hannunsa kina cikin gida, taƙi biyu da yatsa uku. Kwana biyar na yi a kansa." Ta ɗago kai. Sai ta tambaya kai tsaye. "Yana ina?"

"Sai haƙuri, 'yar'uwa. Allah ya yi masa cikawa. A ƙofar gidana, a inuwa, yana zaune."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku, na ukun ba murya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe gefen tabarma da hannu biyu, hawaye na bin kuncinta baƙi-baƙi da kwalli. Can ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, Yakaka na ba ta amsa. Ya sha wahala? Bai sha ba, kamar barci. An yi masa wanka? A zaurenmu, limaminmu da kansa. An samu likkafani? An samu, sabo fil. Mutane fa, an samu masu salla? Sahu uku, har da waɗanda suka baro gona.

"Sahu uku," in ji Hussaina. "A garin da ba a san shi ba. Allah ya saka musu." Ta share fuska da gefen zane. "Ya samu ya sha ruwan?"

"Ya sha."

"Alhamdu lillahi. Don bai sha a nan ba. Ba ya sha ranar Lahadi. In na miƙa masa sai ya ce a'a, ba zai je ya yi wa baiwar Allah ƙaryar ƙishirwa ba."

Yakaka ta dube ta, ba ta gane ba. "Mairo dillaliya ta ce garinmu ba hanyarsa ba ce."

"Da can hanyarsa ce, kafin kwalta. Da aka yi titi kowa ya koma can, shi ya ƙi. Zagayen nan kusan awa guda yake ƙara masa, ga yashi, ga gwiwa. Na yi faɗa har na gaji. Sai ya ce, 'Tsohuwar nan kullum sai ta cika randa. Duk an daina bi. In ta leƙa ta ga ko mutum ɗaya bai taɓa ba, wata rana za ta daina, kuma in ta daina ladanta ya yanke. Moɗa biyu ce, me za ta rage ni da shi?'" Ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. "Na gaya wa masu nemansa, na ce akwai wata mai randa da yake ratsewa wajenta. Suka ce a wane gari? Sunanta wa? Na yi zuru. Shi bai taɓa tambayar ki ba, ni kuma ban taɓa tambayar sa garin ba. Suka ɗauka ruɗewar tsufa ce."

Yakaka ta ji kunya da baƙin ciki sun rufe ta lokaci guda. Shekara tara tana cika randa tana ganin ita ce mai yi wa matafiyi alheri, har tana ɗaga wa surukarta hanci. Ashe shi ke tako yashi da ƙishirwarsa ya kawo mata, duk mako, ba fashi. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Umara.

"Ni na jawo masa," ta ce. "A zafin nan, ba ruwa a cikinsa, saboda ni. Da titi ya bi—"

"Kul!" Hussaina ta daka mata tsawa, har Yakaka ta firgita. "Kada in ƙara ji. Kwana ne ya ƙare, ƙasar can ce ta kira shi. Da titi ya bi da a bakin kwalta zai faɗi, motoci na wucewa. Ke kin ba shi inuwa." Sai ga mai takaba tana bubbuga bayan wadda ta zo yi mata ta'aziyya.

Da suka ɗan lafa, Yakaka ta ce, "Ranar Lahadi ce, da hantsi. Yau kwana goma sha biyar in an haɗa da ranar. Na tambayi malam, ya ce daga ranar ake lissafi. Na riƙe miki su, ko ɗaya bai ɓace ba."

Hussaina ta gyaɗa kai. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya, biyu, ta ajiye a kan faifan. Ta jawo kwanon ruwan da Yakaka ta rage, ta wanke idonta tas.

"Saura abu ɗaya," in ji Yakaka. "Kullum in na idar da salla ina yi masa addu'a, amma sai in ce bawan nan naka mai faifai. Allah ya san shi, na sani. Ni ce nake so in sani. Mene ne sunansa na yanka?"

Hussaina ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta sai ka ce amaryar jiya. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko a gabansa ko a bayansa. Malam ne, ko mai gidan, ko shi. In wani yaro a gari ya ci sunan, shi ma ya tashi daga sunansa a bakinta har abada.

"Mai sunan ladanin garin nan ne," ta ce a hankali.

"Ban san ladaninku ba, 'yar'uwa."

"To, ki tambayi maza a waje."

Yakaka ta ga gaskiyarta, ba ta so ta matsa mata. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta ji an riƙe mata gefen mayafi.

"Tsaya." Hussaina ba ta ɗago ba. "Shekara arba'in da shida ina gidan nan. Ya sha tsokana ta, ya ce kafin ya mutu sai ya ji yadda sunansa yake a bakina. In ce masa Allah ya kiyaye, ni ba mara kunya ba ce." Ta saki mayafin. "Kwana goma sha biyar ɗin nan, ina so in fita bakin hanya in ƙwala masa kira, ko yana wani wuri ya ji. Na kasa."

Yakaka ta koma ta zauna.

Leɓen Hussaina ya motsa sau biyu ba sauti. A na uku ya fito, ƙasa-ƙasa, a karkace, don harshen bai saba ba.

"Uzairu."

"Uzairu," Yakaka ta maimaita. "Allah ya jiƙan Malam Uzairu."

Amma Hussaina ba ta ji ta ba. Ta juya ta fuskanci ƙofar gida, inda yake shigo da keke, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Uzairu! Uzairu!"

Dangar kara ba ta tare magana. Matan maƙwabta, waɗanda suka tsufa tare da ita ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba, suka saki taɓarya da muciya a inda suke. Ba wadda ta tsaya tambayar me ya faru. Suka jawo mayafai suka fara shigowa da salati.